Hana haƙar zinare, katse waya, rufe kasuwa: me Zamfara ta samu, kuma wa ya biya?

A farkon Disamba 2025 gwamnonin jihohin Arewa 19 da sarakunan gargajiya suka yi taro a Kaduna, suka roƙi Shugaban Ƙasa ya dakatar da haƙar ma'adinai a yankin na tsawon wata shida, domin a ganinsu kuɗin ma'adinai na ciyar da 'yan bindiga. Nan take baki ya rabu biyu kamar yadda aka saba. Wasu suka ce sai da rai ake neman abinci, a rufe duk abin da za a rufe. Wasu suka ce talaka ne kawai za a ƙara wa wahala.

Tambayar da ke ƙarƙashin wannan gardama ita ce: idan gwamnati ta tauye wa jama'a wani haƙƙi, ko ta toshe musu hanyar abinci da sunan tsaro, me ake samu, me ake rasawa, kuma a kan wa asarar ke faɗawa? Ba sai an yi kirdado ba. Tsakanin 2019 da 2024 Zamfara ta ɗanɗana kusan kowane irin mataki: an hana haƙar zinare, an hana jiragen sama ratsa jihar, an katse waya, an rufe kasuwanni, an taƙaita babura da man fetur.

Abin da doka ta yarda a tauye

Mutane da yawa na zaton haƙƙin ɗan ƙasa ba ya taɓuwa ko kaɗan, wasu kuma na zaton da zarar an ambaci tsaro magana ta ƙare. Kundin tsarin mulkin 1999 bai faɗi ko ɗaya daga cikin biyun ba. Sashe na 14(2)(b) ya ce tsaro da jin daɗin jama'a su ne babban dalilin kafa gwamnati. Sashe na 39 ya ba kowa 'yancin faɗin ra'ayi da karɓar labari da isar da shi, na 40 'yancin taruwa, na 41 'yancin zirga-zirga. Sai sashe na 45 ya zo ya ce ana iya taƙaita waɗannan saboda tsaron ƙasa ko lafiyar jama'a ko zaman lafiya, amma da sharaɗi biyu: a yi shi ta hanyar doka, kuma dokar ta zama wadda za a iya kare ta da hujja a ƙasar da ke bin dimokuraɗiyya. Sanarwar kwamishina a gidan rediyo ba doka ba ce. A nan ne matakai da yawa ke tuntuɓe.

Muhalli shi ne marayan kundin. Sashe na 20 ya ɗora wa gwamnati kare ruwa da iska da ƙasa da daji, amma yana cikin babi na biyu, wanda sashe na 6(6)(c) ya hana kotu tilasta shi kai tsaye. Wanda aka hana shi fita yana da ƙofar kotu a buɗe; wanda aka gurɓata masa rijiya sai ya zagaya ta wasu dokokin, kamar sashe na 24 na Yarjejeniyar Afirka kan Haƙƙin Ɗan Adam, wadda Najeriya ta mayar da ita dokar cikin gida.

Abu na ƙarshe da ya kamata a riƙe: bisa sashe na 44(3) da Dokar Ma'adinai ta 2007, duk abin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne. Gwamna ba ya ba da lasisin haƙa, ba ya soke shi. Shi ya sa gwamnonin suka roƙa, ba su zartar ba.

Yadda matakan suka biyo juna

A Afrilun 2019 muƙaddashin Sufeto Janar na 'yan sanda Mohammed Adamu ya sanar da hana haƙar ma'adinai a Zamfara, aka ba baƙi 'yan ƙasashen waje sa'a 48 su bar wuraren haƙa. Hare-hare ba su tsaya ba. A ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe ɗalibai mata 279 daga makarantar Jangebe, kuma a farkon Maris mai ba Shugaba Buhari shawara kan tsaro, Babagana Monguno, ya sake sanar da haramcin, tare da hana jiragen sama shawagi a jihar. A ce sai da aka sake haramta abin da aka haramta shekara biyu da suka wuce, wannan kaɗai ya isa ya nuna yadda haramcin farko ya yi aiki.

Ƙarshen Agusta 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana sayar da mai a jarka, ta ƙayyade kuɗin man da mutum zai saya, ta hana safarar shanu da yawon babura da dare. Katsina ta yi makamancin haka a ƙarƙashin Aminu Masari, har da rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, da hana motocin itace shiga daji. Ranar 1 ga Satumba aka sace ɗalibai sama da 70 a ƙaramar hukumar Maradun. Ranar 3 ga wata hukumar sadarwa ta NCC ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, da farko na mako biyu. Ƙananan hukumomi 13 a Katsina da 14 a Sakkwato suka biyo baya, sannan wasu sassan Kaduna. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran jihar sai wajen ƙarshen Nuwamba. Mako biyu ya koma kusan wata uku.

Katse waya: dabarar da inda take ɓallewa

Hujjar masu wannan mataki ba ta banza ba ce. Sana'ar garkuwa da mutane tana tafiya ne a kan waya. Infoma a cikin gari ya kira ya ce sojoji sun fita ta hanya kaza, ko wane ya sayar da hatsi yau. Da waya ake cinikin kuɗin fansa, da ita ake kiran taimako daga wata daba idan an kai farmaki. Idan ka kashe sabis a daidai lokacin da sojoji za su shiga daji, ka makantar da abokin gaba na ɗan lokaci. Dokar Sadarwa ta 2003, a sashe na 148, ta ba NCC ikon janye sabis idan an shiga halin gaggawa, don haka wannan mataki yana da madogara fiye da wasu. A makonnin farko gwamnati ta ce an kama infoma masu yawa, kuma an ji rahotannin 'yan bindiga na neman shinkafa da mai a matsayin fansa, alamar cewa ƙunci ya kai gare su.

Matsalar ita ce amfanin yana ƙarewa da wuri, cutarwar kuma tana taruwa. Ɗan bindiga yana da kuɗin sayen oba-oba da wayar tauraron ɗan adam. Wanda ke kusa da iyaka, ta wajen Zurmi ko Shinkafi ko Sabon Birni, yana iya kama layin Nijar. Wanda bai da ko ɗaya sai ya aiko da wasiƙa ta hannun wani da ya sako. Manomi kuwa ba shi da madadi. Ƙauyen da a da zai buga wa maƙwabta ko 'yan sa-kai waya idan an hango babura, yanzu sai wani ya hau keke ko ya sheƙa da ƙafa. Mai naƙuda ba ta da yadda za ta kira mai mota. Masu POS sun rufe, tura kuɗi ya tsaya, ɗan kasuwa bai san farashin Dawanau ba kafin ya saki kayansa. A kwanakin farko mutanen Gusau har Funtuwa suke zuwa su yi kira, sai ga shi an kashe Funtuwar ma.

Akwai wata asarar da ba a cika lissafa ta ba. Wayar da ɗan bindiga ke kira da ita ita ce kuma hanyar da jami'an tsaro ke bin sawunsa. Kowane kira yana barin alama a turken sadarwar da ya ɗauke shi. Idan aka kashe turken, wannan alama ma ta tafi. Sannan idan babu waya babu labari: ba mai iya tabbatar da abin da gwamnati ta ce ta cimma, ba mai iya kai ƙarar jami'in da ya wuce gona da iri.

Su kuma 'yan bindigar da aka matsa wa ba ɓacewa suka yi ba, ƙaura suka yi. Ranar 17 ga Oktoba 2021 aka afka wa kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato, aka kashe mutum sama da 40. A Janairun 2022, 'yan makonni bayan an maido da sabis, aka yi mummunan kisa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum.

Kotun ECOWAS ta riga ta yi magana a kan dangin wannan mataki. A Yunin 2020 ta ce katse intanet da Togo ta yi a 2017 ya saɓa wa 'yancin faɗin ra'ayi, a Yulin 2022 kuma ta ce dakatar da Twitter da Najeriya ta yi daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022 haramtacce ne. A duka biyun abin da ya kayar da gwamnatocin shi ne rashin doka ko umarnin kotu da suka dogara da shi.

Kasuwa, jarka da babur

A nan lissafin gajere ne. Ana rufe kasuwar dabbobi don a hana sayar da shanun sata, ana hana jarka don babur ɗin daji ya rasa mai. Amma kasuwar mako ita ce bankin mutumin karkara: a can yake sayar da akuya ya sayi taki ko ya biya kuɗin asibiti. Jarkar da aka hana ita ce ke kai mai ga injin ban-ruwa da injin niƙa da janaretan asibitin ƙauye. Da zarar an hana, farashi ya tashi a bayan fage, kuma wanda ke da kuɗin fansa a aljihu shi ne mai iya saye a sabon farashin. Kowane sabon haramci kuma sabon shinge ne a kan hanya, kowa ya san abin da ke faruwa a shinge. Mutanen Diffa a Nijar sun riga kowa sanin wannan: dokar ta-ɓaci ta 2015 ta hana babura da cinikin tattasai da kifin tafkin Chadi don a yanke wa Boko Haram kuɗin shiga, sai da aka shafe shekaru kafin a sassauta, bayan dubban matasa sun rasa sana'a.

Zinare da dalma: inda muhalli ya shigo

Wanda zai yi magana a kan hana haƙa a Zamfara dole ya koma 2010. A shekarar ne ƙungiyar likitoci na gari na kowa, MSF, ta gano yara na mutuwa ba ƙaƙƙautawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, Abare, 'Yargalma, Sunke, Tungar Daji da Bagega. Yaro zai fara amai, sai taune-taune, sai suma. An ɗauka zazzaɓin cizon sauro ne ko sanƙarau, magani ya ƙi ci. Gubar dalma ce. Yara akalla 400 suka rasu, dubbai suka kamu.

Ga yadda abin ke faruwa. Dutsen zinaren wannan yanki yana haɗe da dalma mai yawa, dangin dutsen da ake yin tozali da shi. Farashin zinare ya haura dala 1,000 a kan kowane oza a 2009, sai aikin da a da 'yan kaɗan ke yi ya zama na kowa. Ana haƙo dutsen, a farfasa shi da guduma, a niƙa shi a bushe a irin injin da ake niƙa hatsi, a wanke garin a kan kwatami mai shimfiɗar darduma don mai nauyi ya maƙale, a murza abin da ya rage da zaiba, wato makuri, ta kama zinaren, sannan a ƙona dunƙulen zaibar ta tashi ta bar zinare. Matakin da ke kisa shi ne niƙa a bushe. Ƙurar tana sauka a tsakar gida, a kan shanyar hatsi, a bakin rijiya. Da yake mata ba sa fita, sai aka riƙa kai musu dutsen cikin gida suna daka a turmi suna shanyawa. Yaro mai rarrafe yana wasa a wannan ƙasa yana kai hannu baki, kuma cikin yaro yana tsotse dalma fiye da na babba nesa ba kusa ba.

A wancan lokaci ma'aunin Amurka na ƙasar da yara ke wasa a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 400 cikin miliyan. A wasu gidajen Zamfara an auna sama da 100,000. Na'urar gwajin jini ta tafi-da-gidanka ba ta iya karanta abin da ya wuce maikurogiram 65 a kowane desilita, kuma jinin yara da yawa ya wuce inda na'urar ke tsayawa. Daga 45 ake fara ba da maganin da ke janye dalma daga jini ya fitar da ita ta fitsari.

Maganin ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da ya gurɓace, don haka sai an share gida kafin a fara. Sharewar kuwa aikin hannu ne: a kankare wajen santimita biyar na saman ƙasar tsakar gida, a ɗure a buhuna, a kai ramin da aka tanada a bayan gari, a zubo sabuwar ƙasa da aka gwada. Bagega, wadda ta fi sauran girma, sai 2013 aka share ta, bayan an daɗe ana matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗi. A 2015 irin wannan annoba ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, yara 28 suka rasu.

Abin da ke hana sake gurɓacewa sananne ne, kuma ba shi da tsada sosai: wurin sarrafa dutse ya kasance nesa da gidaje, a niƙa da ruwa maimakon a bushe, ma'aikaci ya yi wanka ya canza tufafi kafin ya shiga gida, a ƙona zaiba a cikin rufaffen mazubi da ke tare tururinta. Amma duk waɗannan suna buƙatar a yi aikin a fili, inda jami'in muhalli zai iya zuwa ya duba. Idan aka haramta haƙa, mutumin da ba shi da wata sana'a ba ya daina haƙa, ɓoyewa yake yi. Wurin ɓuya mafi aminci kuwa shi ne cikin gida, bayan danga, inda mata da yara suke. Haka kuma uban da ɗansa ya fara taune-taune zai yi jinkirin kai shi gwaji, don gwajin zai tona sana'arsa. Wato haramcin da aka yi don tsaro yana iya maido da daidai yanayin da ya kashe yara a 2010. Wannan ne ɓangaren da masu cewa "a rufe kawai" suka fi mantawa da shi.

Wa ke gadon ramin?

Masana ba su haɗu a kan girman rawar zinare a rikicin ba. Wani ɓangare na ganin shi ne jijiyar: ana musayarsa da makamai, ana fitar da shi ta iyakokin ƙasa zuwa Dubai, kuma akwai manyan mutane a bayan ramukan. Ɗaya ɓangaren na cewa rikicin ya samo asali ne daga satar shanu, cinye burtali da makiyaya, rashin adalci a kotuna da ramuwar gayya tsakanin 'yan sa-kai da Fulani, kuma kuɗin fansa da harajin da ake ɗora wa ƙauyuka sun fi zinare kawo kuɗi. A ganina hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi game da asali, ta farko kuma ta ƙara ƙarfi ne bayan 2019, kuma haramcin kansa na da hannu a ciki.

Dalili kuwa a bayyane yake. Haramci yana kama wanda ke da adireshi ne kawai. Kamfani mai lasisi ya kwashe injinansa ya tafi, domin yana tsoron a soke masa takarda. Ƙungiyar masu haƙa da ta yi rajista ta watse. Ramin yana nan, zinaren yana ciki, hukuma ba ta ajiye kowa a bakinsa ba. Wanda ya rage a dajin da bindiga shi ne zai ce wa zai shiga, nawa zai biya, kuma wa za a sayar wa. Mai haƙan da aka ƙwace wa zinare ba zai kai ƙara ba, tunda shi ma mai laifi ne a idon doka. Ministan ma'adinai Dele Alake, lokacin da ya sanar da ɗage haramcin a Disambar 2024, shi da kansa ya yarda cewa haramcin ya bar giɓin da masu haƙa ba bisa ƙa'ida ba suka cike. Shekara biyar da wata takwas aka ɗauka kafin a faɗi haka a hukumance.

Hanyar halas ɗin ma ba a sauƙaƙa ta ba. Dokar 2007 ta tanadi lasisin ƙaramar haƙa ga ɗan ƙasa ko ƙungiyar haɗin kai, a fili da bai wuce murabba'in kilomita uku ba, na shekara biyar. Amma sai da takardar amincewar mai ƙasa, da taswira mai lambobin wuri, da kuɗin rajista, kuma sau da yawa mutanen ƙauye za su tarar wani kamfani da ba su taɓa gani ba ya riga ya yi rajistar filin da suke haƙa tun kakanni. Shirin sayen zinaren ƙananan mahaƙa da aka yi bikinsa a Yulin 2020, lokacin da aka miƙa wa Shugaba Buhari sandar zinare mai nauyin kilo 12.5, daga Kebbi da Osun aka fara shi, Zamfara na ƙarƙashin haramci.

Abin da ya kamata a tambaya kafin a tafa ko a yi tir

Ba kowane taƙaitawa ne zalunci ba. Kashe turakun sadarwa goma a kewayen daji ɗaya na kwana uku, sojoji na ciki, abu ne daban da kashe jiha sukutum na wata uku. Hana babur da dare a hanyar da aka san ana tare mutane daban yake da hana ɗan acaba neman abincinsa a cikin gari. Bambancin yana cikin faɗi da tsawon lokaci, da kuma abin da gwamnati za ta yi a cikin lokacin da ta saya da wahalar jama'a. Idan an rufe kasuwa wata uku amma ba a kafa sansani ko ɗaya a dajin ba, an biya kuɗi ba a karɓi kaya ba.

Don haka duk wanda ya ji an ce za a dakatar da haƙa na wata shida, ya nemi a nuna masa takardar doka da ranar ƙarewarta, domin an ga mako biyu ya zama wata uku, an ga haramcin da ba a sa masa wa'adi ba ya shafe shekara biyar. Ya tambayi wa zai tsaya a bakin ramukan: jami'an tsaron ma'adinai da aka ware daga rundunar sibil difens a Maris 2024 mutum 2,200 ne da 'yan kai a lokacin ƙaddamarwa, na ƙasar baki ɗaya. Ya tambayi da wane ma'auni za a ce an yi nasara, yawan waɗanda aka sace ne ya ragu ko yawan sanarwa ne ya ƙaru, kuma wa zai ƙidaya ban da gwamnatin da ta ɗauki matakin. Ya tambayi me aka tanadar wa lebura da mai niƙa da mai sayar da abinci a bakin rami. Sannan ya tambayi ko za a ci gaba da gwajin jinin yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Anka da Bukkuyum a tsawon watannin, ba tare da an mayar da gwajin hanyar kama iyayensu ba. MSF ta miƙa wannan aiki ga gwamnatin Zamfara tun 2022, saboda haka yanzu amsar tana hannun ma'aikatun lafiya da muhalli na jihar.